Zauren Unguwa: Yadda Muka Rabu Da Ɗan Hayarmu

A watannin baya mun sha kawo muku koke-koken 'yan haya a kan masu gidaje, musamman maganar adibas na shekara biyu da ƙarin kuɗi ba tare da sanarwa ba, har wani dattijo ya tare mu a bakin masallaci ya ce, "Malam, kai kullum mai gida ne mai laifi a wurinka? Ko ba ka taɓa ganin ɗan haya ya sa mai gida kuka ba?" Muka yi dariya muka wuce, amma maganar ta zauna mana a rai, domin mu ma masu gida ne, kuma abin da yake faɗi ya taɓa faɗa mana. Shekara biyu cur muka yi muna fama da ɗan haya wanda ya daina biya, kafin Allah ya raba mu. Mun daɗe muna jin nauyin kawo labarin, saboda mutumin yana raye, 'ya'yansa kuma suna gari. To amma yau za mu kawo shi ba tare da ambaton suna ba, kuma ba don mu tona masa asiri ba, domin kamar yadda za ku gani, laifinmu a cikin lamarin bai gaza nasa ba.

Gidan da ake magana gidan gado ne a Aboabo, cikin Kumasi. Marigayi mahaifinmu ya gina shi da kuɗin goro, ɗaki goma sha biyu kewaye da tsakar gida, da famfo ɗaya da makewayi biyu. Iyali na zaune a ɗaki biyar, sauran bakwai suna hannun 'yan haya. Mai wucewa ta ƙofar gida zai ce waɗannan sun huta, alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da kuɗin hayan nan ne mahaifiyarmu Hajiya take cefane, da shi take sayen maganin hawan jini kowane wata, da shi ake riƙon marayu biyu da ƙanwarmu ta rasu ta bari, kuma daga cikinsa ake biyan harajin gida, a kira motar kwasar masai, a canja kwanon da ya huje. Irin waɗannan gidaje su ne fanshon tsofaffinmu a Zango, tunda yawancinsu ba su yi aikin gwamnati ba balle su jira kuɗin ƙarshen wata.

A shekarar 2011 wani saurayi tela ya zo da amaryarsa da kekensa na ɗinki, Baba ya ba shi ciki da falo na kusa da zaure, ya karɓi adibas na shekara biyu kamar yadda kowa ke yi. Ba a rubuta wata yarjejeniya ba. Abin da kawai Baba yake da shi wani littafin 'yan makaranta ne da yake rubuta sunan kowane ɗan haya da ajami, da abin da ya kawo da ranar da ya kawo. Tela, kamar yadda duk gida ke kiransa, ya zauna da mu zaman arziki. 'Ya'yansa uku a gidan aka haife su, Hajiya ce ta yi wa matarsa wankan jego duk sau ukun. Shi ke ɗinka wa Hajiya kayan Sallah, ba ya karɓar ko sisi. Ranar da Baba ya rasu a 2016 yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma sai da aka rufe kabari a Tafo ya baro wurin. Bayan rasuwar Baba littafin nan ya shiga akwati, ba wanda ya ƙara rubuta komai a ciki. Mai biya ya miƙa wa Hajiya, ta sa masa albarka, shi ke nan.

Tangarɗa ta farko ta zo ne a 2020, lokacin da aka kulle Kumasi da Ankara na mako uku daga ƙarshen watan Maris saboda annobar korona, aka kuma taƙaita bukukuwa. Tela ba ya samun ɗinki in ba biki ba suna, sai ya yi jinkirin wata uku, amma daga baya ya cike. Ta biyun ita ce ta kayar da shi. Kowa ya tuna yadda 2022 ta kasance, sidi na faɗuwa kullum, farashi na tashi safe da yamma, har hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari da ɗoriya a watan Disamba. Yadi ya yi tsada, zare ya yi tsada, mai iyali da a da yake ɗinka wa yara kala biyu ya koma gwanjo. Tela ya kasa riƙe shagonsa na bakin kasuwa, ya kwaso keke ya dawo falo. Kuɗin da ya biya na ƙarshe ya ƙare a watan Yuni na 2022. Hayarsa a lokacin sidi 200 ce a wata. Daga Yuli bai sake kawo komai ba.

A nan ne muka yi kuskuren da ya fi kowane girma, wato muka yi shiru. Wata na farko muka ce ai yana sane. Wata na biyu muka ce bari a ga ƙarshen wata. Wata na uku Hajiya ta ce, "Ku ƙyale shi, yaron nan ba mai cin haƙƙi ba ne." Shi kuma da ya ga ba a yi magana ba, kunya ta hana shi zuwa ya faɗi halin da yake ciki. Sai ya koma fita kafin asuba, ba ya dawowa sai an rufe zaure. Matarsa ta daina zama a tsakar gida, ta koma girki a bakin ƙofarta da labule a sake. Hajiya kuwa ba ta fasa aika wa yaransa tuwo ba. Mu muka riƙa cike giɓin daga ɗan albashinmu na koyarwa ba tare da mun gaya wa kowa ba. Kafin a ankara, biyu daga cikin sauran 'yan haya su ma sun fara jan ƙafa, domin a gidan haya ba abin da ke ɓuya, kuma kowa ya ga an yi wata huɗu ba a ce wa Tela uffan ba.

Mai karatu zai ce, me ya hana ku magana? Amsar tana cikin kalmar nan ta "mai gida" kanta. A wurin kakanninmu da suka cika zangunan ƙasar nan, musamman bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da ya watsa fatake zuwa Kumasi da Karachi da Ankara, mai gida shi ne wanda baƙo ke sauka a wurinsa. Shi ke ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya nema masa mai sayen shanu ko mai sayar da goro, ya tsaya masa in rigima ta tashi, shi kuma ya sami la'adarsa a cikin ciniki. Babu mai gidan da zai buga wa baƙonsa ƙofa ya ce kawo kuɗin ɗaki, balle ya fitar masa da kaya. Fatauci irin na da ya wuce, ɗakunan baƙi sun zama ɗakunan haya, amma har yau muna kallon ɗan haya da idon baƙo, muna jin cewa tambayarsa kuɗi rashin kara ne. Ga shi kuwa babu la'adar da za ta maye gurbin kuɗin. Mun riƙe al'adar saukar baƙo a inda ake harkar haya, shi ya sa ba mu iya ko ɗaya daga cikin biyun da kyau ba.

Sai a watan Nuwamba, bashi ya kai sidi 1,000, muka tsare shi a zaure bayan sallar isha. Muka ce, "Tela, lafiya kuwa? Mma ta ce ta kwana biyu ba ta ga saƙonka ba." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Yaya Malam, abin yana raina dare da rana. Ku ƙara mini haƙuri zuwa ƙarshen shekara, akwai ɗinkin 'yan makaranta da nake sa rai." Muka ce Allah ya kawo, muka rabu. Ba mu tambaye shi nawa zai iya kawowa ba, ba mu sa rana ba, ba mu kira shaida ba. Shekara ta ƙare, ɗinkin 'yan makaranta bai zo ba.

A watan Janairu na 2023 ne abin ya so ya ɓaci. Muna da ƙane direban tasi, mai zafin zuciya, wanda shi ke kai Hajiya asibiti, ya kuma ga ranar da ta rage magani saboda kuɗi bai kai ba. Wata safiya da matar Tela ta tafi kasuwa, yara suna makarantar allo, ya sayo ƙaton kwaɗo ya garƙame ƙofar, ya kuma kira kafinta ya ce a cire kwano biyu daga rufin, wai in rana ta dake su, raɓa ta jiƙa su, za su tashi da kansu. Kafinta ya riga ya kafa tsani Hajiya ta fito da carbinta a hannu. Ta ce, "Sauko, ɗana." Sannan ta juya ga ƙanen namu ta ce, "Muddin ina numfashi ba za a kware rufin da mahaifinku ya ɗora a kan yaran da na yi wa wanka da hannuna ba. Buɗe ƙofar nan." Ya buɗe yana huci. A ranar mun ɗauka tausayi kawai Hajiya ta yi. Sai daga baya muka gane cewa ta fitar da mu ne daga hannun hukuma, domin a ƙarƙashin Dokar Haya ta 1963, wadda aka fi sani da doka mai lamba 220, laifi ne mai gida ya yi wani abu da nufin tilasta wa ɗan haya ya tashi. Kulle ƙofa da cire rufi da yanke wuta ko ruwa duk suna iya mayar da mai bin bashi ya zama wanda ake tuhuma.

Daga nan muka kai magana gaban manya. A watan Fabrairu limamin unguwa da mai unguwa da dattawa biyu suka zauna a zaurenmu, aka kira Tela. Bashi ya kai sidi 1,600. A wurin ne ya fito da maganar da ba mu taɓa ji ba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ban musa bashi ba. Amma a 2014 ni na zuba siminti a ɗakin, na sa silin, na sa ƙofar ƙarfe, na kashe sidi 1,200, kuma marigayi Baba ya ce mini in bari, wata rana za a cire a cikin haya." Ƙanenmu ya zabura ya ce ƙarya ne. Liman ya tsawata masa. Aka ɗauko littafin Baba daga akwati aka duba shafi shafi, babu wannan magana a ciki. Siminti da silin da ƙofa kuwa ga su nan kowa yana gani. Wanda zai gaskata ko ya ƙaryata yana kwance a Tafo. Dattawa suka ga abin zai taɓa mutuncin mamaci, sai suka kauce masa, suka ce a bar wannan tukuna, Tela ya yi ƙoƙari bayan ƙaramar Sallah, tunda azumi shi ne kakar teloli. Aka yi fatiha aka tashi. Ba a faɗi adadi ba, ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Bayan Sallah, a ƙarshen Afrilu, ya kawo sidi 400. Babbar Sallah ta zo ta wuce, shiru.

Mun daɗe muna jan ƙafa kafin mu je ofishin kula da haya, wanda kowa ya sani da Rent Control. Dalili na farko shi ne surutun unguwa, kada a ce 'ya'yan Alhaji sun kai Musulmi ɗan'uwansu ƙara. Na biyu shi ne tsoron ofis da muka gada. Tun dokar korar baƙi ta Nuwamba 1969, zamanin Busia, lokacin da aka ba marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasa, mutane da yawa suka sayar da gidajensu a wulaƙance ko suka bar su a hannun amana, tsofaffinmu suke ganin duk inda za a ce kawo takarda wuri ne da ake shiga da gida a fito babu. Wannan tsoro ya bi jini, har mu da aka haifa a nan, muke da katin ɗan ƙasa a aljihu, muna jin sa. Na uku kuma, mun san mu ma ba mu cika ƙa'ida ba.

A watan Agusta na 2023, bashi ya kai sidi 2,400 bayan cire abin da ya kawo, muka daure muka je. Aka rubuta ƙorafinmu, aka ba da takardar gayyata a kai masa. Zaman farko bai zo ba. Zama na biyu, a watan Satumba, ya zo shi kaɗai da rigarsa ta Juma'a. Jami'in da ya saurare mu ya fara da tambayar da muke gudu: ina takardar yarjejeniya, ina katin haya, ina rasit? Muka miƙa littafin ajami wanda rubutunsa ya tsaya a 2016. Ya juya shi, ya dube mu, ya mayar mana. Ya yi mana bayani cewa doka ta ɗora wa mai gida ya ba ɗan haya katin da ake rubuta duk abin da ya biya, kuma ba ta yarda a nemi adibas fiye da na wata shida ba. Sannan ya juya ga Tela ya ce masa sashe na 17 na dokar ya ba mai gida damar neman ɗakinsa idan kuɗin haya ya wuce wata ɗaya da lokacin biyansa ba a biya ba, shi kuwa ga shi ya haura shekara. Ya ƙara da cewa shi aikinsa bincike da sasantawa ne, fitar da mutum daga ɗaki kuwa sai da umurnin kotu.

Abin da ya cece mu a ranar shi ne Tela bai yi ƙarya ba. Da ya ce ya biya Hajiya hannu da hannu, ba mu da abin da za mu nuna. Ya amsa bashinsa wata da wata. Ganin haka muka ce mu ma mun amince da maganar gyara, a cire masa sidi 1,200 ɗin, in Baba ya faɗa mun cika masa, in bai faɗa ba mun yi sadaka. Saura ya zama 1,400. Aka rubuta cewa zai riƙa biya kaɗan kaɗan tare da hayar kowane wata, kuma zai bar ɗakin a ƙarshen Disamba. Kowa ya sa hannu. Wannan ita ce takarda ta farko da ta taɓa shiga tsakaninmu da shi a cikin shekara goma sha biyu.

Ya kawo sidi 300 a watan Oktoba, daga nan bai ƙara ba. Disamba ta ƙare yana nan. Aka tura maganar gaban majistare a farkon 2024. Ba mu ɗauki lauya ba, takardar da aka sa wa hannu ita ta yi mana magana. Mun je kotu sau uku, kowane zuwa sai mun nemi izini a wurin aiki, mu zauna a benci ɗaya da mutumin da muka fito gida ɗaya da shi da safe, ba mai kallon wani. A watan Maris aka yanke hukunci cewa ya biya bashin, ya kuma bar ɗakin kafin ƙarshen Yuni, in ba haka ba ma'aikatan kotu su fitar da kayansa.

A hanyar fita daga kotun ne muka yi masa tambayar da ya kamata mu yi tun shekara biyu da suka wuce. Muka ce, "Tela, don Allah me ya hana ka tashi tun Disamba, ka hutar da kanka ka hutar da mu?" Ya tsaya ya ce, "Yaya Malam, in tafi ina? Na zagaya Asawase da Sabon Zango da Sawaba, duk inda na je sidi 300 ne, kuma shekara biyu ake so a dunƙule. Wanda ya kasa kawo 200 a wata, ina zai ga 7,200 a rana ɗaya?" Ba mu sami abin ce masa ba. Gwamnati ta ƙaddamar da wani shirin rancen kuɗin haya a watan Janairu na 2023, amma ana neman shaidar samun kuɗi a kai a kai, tela mai keke ɗaya a falo kuwa ba shi da ita. Ashe adibas ɗin nan na shekara biyu da mu masu gidaje muke ɗora wa mutane, wanda Baba ma ya karɓa a hannunsa, shi ne ya ɗaure mana shi a ɗaki. Kowane mai gida yana neman shekara biyu don ya tsare kansa daga ɗan hayan da ba ya biya, ta haka kuma ɗan hayan da ba ya biya ba shi da ƙofar fita daga gidan maƙwabcinsa.

Da muka kai wa Hajiya wannan magana ta yi shiru, sannan ta aika aka kira mai unguwa. Shi ya nemo wani mai gida a wajen Kenyase da ya yarda da adibas na wata shida a kan ɗaki ɗaya. 'Yan'uwansa teloli suka haɗa wani abu, jama'ar masallaci suka haɗa wani abu, Hajiya ta cika sauran daga kwasar adashinta, ta kuma ce kada a gaya wa ƙanenmu. Bashin da ya rage a kansa, wato sidi 2,900, ta ce ta yafe nata kason duniya da lahira, mu ma muka bi bayanta. Kwana biyu kafin wa'adi ya cika, da dare bayan an yi shirin kwanciya, ya kira aboboya ya loda kayansa. Ya zo ƙofar Hajiya ya durƙusa, ya ajiye mabuɗi a kan tabarma ya ce, "Mma, ki yafe mini." Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ka riƙa turo mini yaran." Ma'aikatan kotu ba su taka gidanmu ba, kuma wannan kaɗai muke gode wa Allah a kai.

Yanzu in muka yi lissafi, mun rasa sidi 2,900, ban da 1,200 na gyara, ban da kuɗin mota da na takardu da ranakun aiki, ban da abin da Hajiya ta cika. Shi kuma ya rasa unguwar da masu kawo masa ɗinki suke, yaransa sun canja makaranta, kuma sunansa ya shiga bakin mutane. Yaran suna zuwa gaida Hajiya ranar Sallah. Shi kuwa in mun haɗu a jana'iza sai dai sallama daga nesa. Da a watan Agusta na 2022 muka zaunar da shi muka ce, Tela, mun ga kasuwa ta juya, ga ƙaramin ɗakin baya na sidi 100 ka koma, ko kuwa mun yafe maka wata uku ka nemi inda ya fi maka sauƙi, da abin da za mu rasa bai wuce ɗari shida ba, da kuma har yau shi ke ɗinka wa Hajiya kayan Sallah. Mun ɗauka shirunmu kara ce muke yi masa, ashe bashi muke tara masa har ya fi ƙarfinsa. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu masu gidaje da su rubuta yarjejeniya da duk wanda zai shiga ɗakinsu, ko da ɗan wansu ne, da Turanci ko da Hausa, da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa. A ba da kati ko rasit a kan kowane sidi. Duk gyaran da ɗan haya zai yi, a rubuta nawa ne kuma wa zai ɗauka, tun kafin a kwaɓa siminti. In wata ɗaya ya wuce ba a ga kuɗi ba, a yi magana a cikin sirri da mutunci, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In za a yi rangwame a yi, amma a faɗi adadinsa da ranar ƙarewarsa. Kada a taɓa ƙofa ko rufi ko wayar wuta komai zafin rai. Kuma mu sassauta maganar adibas mu tsaya inda doka ta tsaya, domin wanda ka ƙi karɓa yau saboda ba shi da shekara biyu, yana can ya maƙale a ɗakin wani mai gida irinka.

Ku kuma 'yan haya, in abu ya karye muku kada ku ɓuya. Mai gida ya fi jin zafin a riƙa kauce masa a zaure fiye da rashin kuɗin kansa. Ku je da ƙafarku tun wata na farko ku faɗi gaskiya, ku kawo rabin da kuke da shi, ku nemi a rubuta. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ku tuna cewa sau da yawa kuɗin nan da kuke riƙewa shi ne maganin wata tsohuwa.

Iyayenmu limamai da masu unguwanni da sarakunan Zango, ku ne kotunmu ta farko, kuma muna alfahari da haka. Roƙonmu shi ne in kun zauna sulhu a fito da adadi, a sa rana, a rubuta, kowa ya sa hannu kafin a shafa fatiha. Dokar sasanta rigingimu ta 2010 ta amince da sulhun gargajiya, har ana iya kai hukuncinsa kotu a yi masa rajista idan an rubuta shi. Da zaman da aka yi a zaurenmu ya ƙare da takarda, da wataƙila ba mu kai ga majistare ba.

Ɗakin Tela yanzu wata malamar asibiti ce a ciki. Wata shida muka karɓa, muka rubuta takarda, Hajiya ta dangwala yatsa. Ranar da muka kawo takardar ta dube mu ta ce, "Yanzu har baƙo sai an sa masa hannu?" Muka ce, "Mma, don a daɗe ana gaisawa ne." Littafin Baba kuma mun fito da shi daga akwati, mun ci gaba daga shafin da ya tsaya.

Dattijon da ya tare mu a bakin masallaci, ga amsarka nan, da fatan ka gamsu. Wanda yake da irin wannan labari, mai gida ne ko ɗan haya, ƙofar wannan fili a buɗe take, ya rubuto mana, ba za mu ambaci suna ba. Allah ya rufa mana asiri, ya ba marasa muhalli nasu, ya sa albarka a cikin na masu shi. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.